Ukulele ta Dala Dubu da Gurmin Ƙwarya

Duk uwar da ke ba 'yarta aron waya bayan la'asar, da wuya a ce ba ta taɓa hango wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu a hannun yaran da ke waƙa a TikTok da YouTube ba. Ukulele ake kiranta. Iri huɗu aka fi sani, kuma autarsu, wadda ake ce wa sofurano, tsawonta duka santimita 53 ne, wato kamu guda da 'yan yatsu, nauyinta kuwa bai kai rabin kilo ba. Akwai ta kuɗin cefanen mako, akwai kuma wadda kuɗinta ya haura dala dubu. A ido kusan duk ɗaya suke, shi ya sa wanda bai sani ba zai rantse masu sayen mai tsadar asiri aka yi musu.

Ni ba makaɗiya ba ce, ba kuma 'yar makaɗa ba. Abin da ya sa na shafe kusan wata biyu ina kwatanta waɗannan 'yan jitoci shi ne 'yata ta biyu. Mu mutanen Sabon Birni ne. Mun dawo Sakkwato a ƙarshen 2021, bayan watannin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu, da kuma abin da ya sami matafiyan nan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba. Shekararta tara a lokacin. Yarinyar da a gida sai an ce ta yi shiru, ta zo birni ta koma sai an lallaɓa ta kafin ta buɗe baki. Ba ta ciwo, tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura ta nemi bayan ƙyaure. Iyaye matan da suka fito daga Isa, Gatawa, Kurawa ko Unguwar Lalle sun san irin shirun da nake nufi.

A haka muka yi shekara uku. Sai wata malamarsu, mai 'yar ukulele da take koya wa ƙananan yara waƙoƙin karatu da ita, ta lura kullum yarinyar nan tana tsayawa bayan an tashi tana kallon abin, ta ba ta aro na Asabar da Lahadi. Daren nan na ji muryar 'yata ƙasa-ƙasa daga ɗaki tana bin kiɗa, na tsaya da tsintsiya a hannu har ta gama. Da labari ya kai wa ƙanena da ke aikin jinya a Amurka, sai ya ce shi zai saya mata tata, kuma ta gaske, ba ta wasan yara ba. Ya turo mini sunaye biyar, ya ce, "Yaya, ki saurara ki zaɓa, kada ki dubi kuɗin." Mai ce maka kada ka dubi kuɗi ai bai san halin uwa ba. Kuɗin na fara duba.

Kafin in kai ga sunayen, tarihin abar ya ba ni mamaki, domin na ɗauka kayan 'ya'yan masu kuɗi ce tun asali. Ashe ta 'yan ci-rani ce. A 1879 wani jirgin ruwa ya sauke mutanen tsibirin Madera na ƙasar Fotugal a Honolulu, cikin tsibiran Hawai, sun zo aikin gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da Jose do Espirito Santo, waɗanda bayan sun gama wa'adin ƙwadago suka koma sassaƙa irin 'yar jitar garinsu da itacen da suka tarar a can. Mutanen Hawai suka raɗa mata suna ukulele, wanda aka fi fassarawa da "ƙuma mai tsalle", wai don yadda yatsu ke tsalle a kanta. Sarkinsu Kalakaua ya so ta, ya shigar da ita fada, daga nan ta yi daraja. A 1915 aka nuna ta a wani babban baje-koli a San Faransisko, Amurkawa suka ɗauka. Ku riƙe wannan a zuci, za mu dawo kansa: abin talaka ne da fada ta ɗaga.

To, ga waɗanda aka turo mini. Da dare nake sauraronsu, idan yara sun kwanta, da abin ji a kunne, ina neman bidiyon da mutum ɗaya ya kaɗa waƙa ɗaya da kowace, domin idan hannu ya bambanta ba ka san ko abin kiɗan kake yabo ko makaɗin ba.

Ta farko Kamaka, samfurin da suke kira HF-1. Gidan Kamaka a Honolulu yake tun 1916, kuma har yau zuriyar Samuel Kamaka ke riƙe da shi. Da itacen kowa ake yin ta (suna rubuta shi koa), wanda a Hawai kaɗai yake fitowa, kuma abin dariya, dangin bagaruwa ne da gawo. Jikinta ba wani ado, kamar dattijuwar da ta san asalinta ba sai ta sha gwala-gwalai ba. Muryarta a tsakiya take, ba ta tsawa, ba ta shaƙewa, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Ita ce wadda in ka saurara sau ɗaya ba za ta burge ka ba, in ka saurara sau goma sai ka ga ita kake komawa.

KoAloha kuwa kishiyar hali ce. Iyalin Okami suka fara ta a 1995, ita ma da itacen kowa, amma tana da ƙara da kaifin murya, irin yarinyar da ke shigowa gidan biki kowa ya san ta shigo. Ana gane ta daga nesa: kanta mai tsini biyar kamar kambi, ramin cikinta kuma ba da'ira ba ne, ya ɗan yi kusurwa uku. A cikin ɗaki mai yara shida da fanka da rediyo, ita ce za a ji. 'Yata ita ta so, kuma ban yi mamaki ba.

Kanile'a, ta garin Kaneohe, an kafa ta a 1998. Ita ce mai ƙyalli, an shafe ta da fenti mai sheƙi kamar madubi, wuyanta ya ɗan fi faɗi, don haka mai kaurin yatsu ya fi sakewa a kanta. Sautinta ya fi cika da daɗewa a iska kafin ya mutu, har ya so ya yi kama da na babbar jita. A nan ne na ɗan ja baya, domin in jita nake so, ai sai in ce a sayo jita. Abin da ke sa sofurano ta zama sofurano shi ne wannan ɗan sauti mai fita tas ya ɓace nan take.

Sauran biyun ba na Hawai ba ne, kuma da itacen mahogani ake yin su, ɗan'uwan maɗacinmu. Martin kamfanin Amurka ne da ke garin Nazarat na jihar Fensilbeniya tun ƙarni na 19, yana da 'yar S1 wadda ake haɗawa a masana'antarsu ta Meziko, mai sauƙin kuɗi in an gwada da na Hawai, yana kuma da 5K mai ado da ɓawon kifin teku wadda kuɗinta dubban daloli ne, wannan ko ƙanena bai sa ta a lissafi ba. Muryar mahogani ta fi duhu da bushewa, tana da wani ɗan amo kamar an ƙwanƙwasa akushi. Kiwaya ta Japan siririya ce, marar nauyi, aikinta tsaf kamar ɗinkin hannu. Da kunnena kaɗai za a bi, Kamaka ce ta ɗaya, Kiwaya na bin ta, sai Martin. KoAloha da Kanile'a na bar wa masu son a ji su.

Amma ba kunne ne ya yanke hukunci ba, hunturu ne. Duk waɗannan biyar da tsantsar itace ake yin su, an fere shi ya yi siriri bai fi kaurin kwali ba, kuma wannan sirantar ce ke ba su murya. Itace kuwa ko an sare shi yana shan laimar iska yana amayarwa. Masu ƙera su suna cewa a ajiye su inda laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Sakkwato da Isa da Sabon Birni, daga Disamba zuwa Maris, laimar tana faɗuwa ƙasa da kashi 20 da rana. Ba sai an kawo mana na'ura ba, mun san lokacin: diddige ya yi faso, leɓe ya tsage, ƙofar katako ta tsuke ta bar kafa, akushin da ba a shafa wa mai ba ya dare. Abin da ke samun akushi shi zai sami fuskar ukulele, sai dai ita ta fi shi siranta nesa ba kusa ba. Sannan Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40, wanda ke sassauta gam. Sannan Agusta ta zo itacen ya kumbura. Ana iya kare ta, a riƙa ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai ruwa, ana dubawa kowane kwana biyu ko uku. Wace uwa ce za ta ƙara wa kanta jinyar jita a kan jinyar yara? In kuma ta tsage, wa zai gyara? Mai gyaranta yana bayan teku.

Akwai masu araha da ba su san wannan ciwo ba. Wasu da falle-fallen katako ake yin su, irin wanda kafintoci ke kira filawud, kamar ƙananan samfuran Kala, ba su cika tsagewa ba domin kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa. Wasu ma ba itace ba ne sam, wani irin roba ne mai ƙarfi da aka haɗa da zaren kabon, kamar Enya Nova ta ƙasar Sin, ko ruwa ya zuba mata sai a goge. Muryarsu ba ta kai ta Kamaka zurfi ba, wannan gaskiya ne, amma yarinya mai koyo ba zurfin murya take nema ba, abin da take bukata shi ne tsirkiya ta zauna inda aka ɗaure ta, kuma kada ta yi tsayin da zai ci mata yatsu. Na ce wa ƙanena ya sayo ta robar, ragowar kuɗin ya tura wa gwaggonmu da ke zaune da jikoki biyar wajen Gidan Runji a jihar Maraɗi tun harin da aka kai Garki da ƙauyukan kewaye a watan Mayun 2020. Ya yi ɗan gunaguni, ya yi yadda na ce.

Da a nan zancen ya tsaya, da ban rubuta shi ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk daren da na kwana ina sauraron waɗannan 'yan jitoci, wani sauti daban ke taso mini a ka. Wannan ɗan amo mai fita tas ya mutu nan take, ai na san shi tun ina goye. Gurmi ne. Bayan an kai amfanin gona gida, idan an share fage don kokawa, shi ake ji daga bayan gari har cikin gidajenmu, mu 'yan mata muna leƙe ta kafar darni.

Mu ma muna da dangin ƙananan kayan tsirkiya, kuma in za a yi musu irin kwatancen da na yi wa na Hawai, ba za su ji kunya ba. Gurmi rabin ƙwarya ce aka rufe da fata, yawanci ta guza ko damo, aka soka sanda ta zama wuya, tsirkiya biyu, wani lokaci uku, da yatsu ake kaɗa shi. Haruna Uji na Haɗeja da shi ya yi suna, haka Malam Maman Barka na Nijar, wanda malamin makaranta ne kafin kiɗa ya ɗauke shi, ya rasu a 2018. Garaya jikinta itace ne da aka fafe aka rufe da fata, tsirkiya biyu, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata, muryarta ta fi kauri, ta maharba ce tun asali, daga baya 'yan bori suka riƙe ta. Molo dogo ne kamar ɗan kwalekwale, tsirkiya uku, mai taushin murya, na hira da dare. Autansu kuntigi: gwangwanin kifi, da tantanin fata, da tsirkiya ɗaya tal. Da wannan gwangwani Ɗanmaraya Jos ya zaga ƙasashen duniya har ya rasu a 2015. Masu binciken asalin banjo na Amurka ma sukan lissafa gurmi cikin kayan kiɗan Afirka ta Yamma da suke dangantawa da shi.

Bambancin shi ne, ukulele mai kyau ana sanin ta da sunan kamfani da lamba, gurmi mai kyau kuwa da sunan mutum ake sanin sa. Ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka mai daraja ta ɗaya. Yawanci makaɗin ne ke haɗa abinsa, ya zaɓi ƙwaryar da ta nuna a kan yabanya ta yi kauri daidai, ya jira maharbi ya kawo masa fata, ya ja ta da hannunsa. In mutumin ya tafi, ilimin ya bi shi.

Maigidana ya san wani dattijo daga wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, wanda a da shi ke yi wa 'yan kokawar yankinmu gurmi. Yanzu gadi yake yi a wani kango a gefen Sakkwato. Wata Asabar muka je gaishe shi, ni da maigida da yarinyar, tana rungume da ukulelenta. Bayan gaisuwa da jajen abin da ya same mu duka, sai idonsa ya sauka a kan abar.

"Ɗiyata, mi jikata ta riƙo haka?"

"Baba, 'yar jita ce ta Turawa, kawunta ya aiko mata."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce ya kara a kunne. Ya shafa 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyanta, ya yi dariya.

"An yi mata shinge. Wanda yay yi wagga ba ya son yaro shi ɓace hanya. Mu namu daji na, kunnenka ka kai ka gida."

Na daɗe ina juya wannan magana. Waɗannan ƙarafa su ke sa yaro ya iya fitar da waƙa cikin mako guda, domin duk inda ya danna tsakaninsu sautin daidai yake fita. Gurmi ba shi da su. Sai yatsa ya nemo wurin da kansa, kuma yana iya zamewa tsakanin sauti da sauti, ya bi hawa da saukar maganar Hausa yadda ukulele ba ta iyawa. Shi ya sa ake cewa gurmi yana magana. Wuyar koyonsa daga nan take, daɗinsa ma daga nan.

Sai ya ja tsirkiya ɗaya ya sake, ya dube ta da kyau, ya ce ai wannan zaren fatsa ne. Ya kuwa faɗi gaskiya. Tsirkiyoyin da ake sa wa ukulele masu tsada a yau, da yawansu daga irin zaren da aka ƙirƙira don kamun kifi suka samo asali, kuma masu gurmi sun daɗe da komawa zaren masunta a madadin gashin wutsiya. Honolulu da bakin gulbin Rima, ashe igiya ɗaya muke ja.

Yarinyar, wadda ba ta yi wa baƙo magana, ta ce, "Baba, ina naka?"

Ya yi shiru. Ya ce yana can rataye a ɗakin da ya baro, in ɗakin yana nan. Ya ce ko ya so ya haɗa wani, maharban da ke kawo masa guza ba mai shiga daji yanzu, dajin yana da masu shi. Masu duman da yake zaɓar ƙwarya a gonarsu sun bar noman fadama mai nisa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, inda yake samun abin da ya rasa, hanyarta ta zama abin da ta zama. Idan ana lissafin abin da rashin tsaro ya cinye mana, ana faɗin rayuka da shanu da gonaki, kuma su ya kamata a fara faɗa. Ba mai sa fatar guza a lissafi. Amma fagen kokawar da ba a share ba shekara biyar, yaran da za su gaji kiɗansa sun girma ba su taɓa jin sa ba.

Bayan mako uku ya aiko mana da ɗan ƙaramin gurmi daidai hannun yarinya. Ƙwaryar daga kasuwa ya saye ta, fatar ta akuya ce, ya ce a yi haƙuri da ita. Shi ma yana jin yanayi, amma akasin ukulele: hunturun da ke tsaga itacen kowa shi ke ɗaure fatar gurmi ta yi tsam, muryarsa ta fito ras. Damina ce abokiyar gabarsa, fata ta saki, sauti ya yi luɓus, maganinsa kuwa a ɗan shanya shi a rana ko a kara shi kusa da murhu. In ƙwarya ta fashe, wata ƙwaryar tana nan.

A nan rigima ta tashi, kuma daga inda na san za ta taso. Surukata tana tare da mu. Wata huɗu ukulele tana gidan nan, Inna ba ta ce uffan ba, har takan ce wa yarinyar, "Kishiya, zo ki yi mani wagga 'yar waƙa ta makaranta." Ranar da gurmi ya shigo kuwa, ko zama bai yi ba ta kira ɗanta.

"Mu ba maroƙa mu ke ba. Ba a taɓa rataya wanga abu ba ɗakin ubanka, ba kuwa za a fara ga ɗiya mace ba. Wa zai aure ta?"

Ban ce komai ba a gabanta, ba tarbiyyarmu ba ce. Kuma tsoronta ba na banza ba ne. A ƙasar Gobir kiɗa gado ne, kuma gadon da ake ajiyewa a ƙasan tsani. Muna alfahari da Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir Amadu na Isa, ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, manyanmu suna kawo maganarsa a taro kamar karin magana. Amma a cikin masu yabon nasa, nawa ne za su ba jikan makaɗi 'yarsu ba tare da an kai ruwa rana ba? Kayan tsirkiya kuma nasu ya fi nauyi, domin goge da garaya sun yi zama da bori da gidajen da ba a ambata. Inna ta ga wannan da idonta, ni labari na fi ji. Mace kuwa, abin da aka bar mata shi ne shantu da kiɗan ƙwarya da luguden turmi, a cikin gida, tsakanin mata.

Sai dai akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Na san da yawa daga cikinmu za su ce ai maganar ta addini ce. To, mu bi ta nan. Mafi yawan malaman mazhabobi sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, wasu kaɗan irin su Ibn Hazm sun halatta. Gidan da ya bi maganar masu hanawa ya ce ba ukulele ba gurmi, ba ni da ta cewa, na girmama shi, domin ya tsaya a kan magana ɗaya. Amma ba malamin da ya ce tsirkiya huɗu halas, biyu haram, ko ya ce ta roba ta wuce, ta ƙwarya ta tsaya a zaure. Idan mun buɗe wa ɗaya ƙofa mun rufe wa ɗaya, ba hukunci muka bi ba. Ukulele ta shigo ne domin ba mu san iyayenta ba. Ba mu san 'yan ƙwadagon rake suka haife ta ba, mun gan ta ne a hannun 'yan makaranta masu tsabtar kaya a cikin waya. Gurmi kuwa mun san gidansu, mun san wanda ke durƙusawa da shi a ƙofar masu kuɗi. Mutanen Hawai da suka tashi, abin talakansu suka kai fada, jikokin masu sassaƙa shi suna sayar da shi dala dubu, har ni da ke Sakkwato na san sunan gidansu. Namu gwanin yana gadin kango.

Ba na cewa kowace uwa ta nemo wa 'yarta gurmi. Ni kaina ban shirya ganin 'yata a fage ba, kuma ba don haka na karɓe shi ba. Abin da na gani shi ne, da ukulele tana waƙoƙin da ta koya a waya, na Turanci da na Indiya da na finafinan Kano, kuma na gode wa Allah da su, domin su suka fara buɗe mata baki. Da gurmi kuwa ba ta da wanda za ta kwaikwaya a waya, sai ta koma tana laluben abin da ke kanta. Waƙoƙin gaɗa na dandalin unguwarmu, da na daka, da wata 'yar waƙar reno da kakarta ta wajena ke yi mata, waɗanda na ɗauka ta baro su a Sabon Birni tare da takalmanta. A kan waɗannan ne ta fara ba ni labarin daren da muka kwana a gonar gero, abin da ba ta taɓa ambata ba cikin shekara uku.

Maigida ya raba gardama yadda maza ke rabawa, wato kowa ya samu rabi. Ukulele tana fita tsakar gida, tana zuwa makaranta. Gurmi yana ɗakina, a bayan sif, ba ya ƙetare ƙofa, ba a kaɗa shi in akwai baƙi. Duk Asabar ta biyu yayanta yana raka ta wajen dattijon su yi awa ɗaya, in ba shi ɗan abin goro, ya karɓa da ƙyar.

Cikin watan Agusta, wata rana an wuni ana ruwa, yarinyar tana ɗakina tana fama da shi, sautin yana fita a dakushe. Inna ta zo wucewa da butarta, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Muka yi tsit, ni da yarinyar.

"Kishiya, ba hannunki ba na, hwatar ta sha sanyi. Kai shi gun murhu, amma kak ki matsa shi ga wuta. In kin ji ya yi ɗumi awa cikin tahin hannu, ya isa."

Ta wuce abinta. Ba ta janye maganarta ta farko ba, ban kuma tambaye ta inda ta san wannan ba. Dattijon dai ya ce fatar akuyar ba za ta wuce damina biyu ba, in an sami mai zuwa Maraɗi a sayo masa ta guza, ya sake rufe shi kafin ruwa ya sauka.